Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mazaunin Shokozoba a Motar Baffa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka sauke bodin akori-kurar Baffa, cesis, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da motar, ya fito fili. Masu tambayar yadda aka ƙare da su Yaya wajen rabon gado, ku yi haƙuri tukuna. Abin da ya kamata ku sani shi ne, da an bi ta tasu, da tuni 'yan gwangwan sun yanka Hilux ɗin nan sun auna ta a kilo. Motar da ta shigo gidanmu da lambar Kano, tun kafin a yanke Jigawa a 1991. Yau zancen mazaunin shokozoba na baya za mu yi, domin a nan aka fi cutar ta.

Baffa, Allah Ya jiƙansa, yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: "Ba a ɗora walda a kan tsatsa." Mai waldar da aka kai wa motar nan bayan rasuwarsa bai taɓa jin wannan magana ba, ko kuma ya ji ya watsar. Mazaunin hagu ya ɓalle, sai ya samo guntun ƙarfen gado ya liƙa a kan ruɓaɓɓen wuri, ya ja walda a tsaye tun daga saman cesis har ƙasa, ya zura rodin gini a madadin fil ɗin da ke riƙe kan shokozoba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Daidai gefen waldar cesis ya tsage, kuma kowa ya san wanda ya kai masa motar don neman araha.

Sifirin ne ke ɗaukar kaya, ba shokozoba ba. Aikin shokozoba shi ne ta kwantar da tsallen sifirin. Saboda haka in mazauninta ya karye, akwai dalili, kuma wanda bai nemo dalilin ba zai sake karya sabon. Yawanci robar nan da ke tare aksil, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, kada ya daki cesis ce ta faɗi ba a mayar ba. Sai a loda buhuna ranar Alhamis a nufi kasuwar Maigatari, a faɗa rami, shokozoba ta tsuke har ƙarshe, duk nauyin motar ya sauka a kan ɗan ƙarfen da ba don haka aka yi shi ba. Wani lokacin bushin ne, robar da ke cikin idon shokozoba, ya cinye, fil yana ta bugun idon har ya gaji. Sannan ga tsatsa. Cesis ɗin Hilux rufaffe ne ta kowane gefe, laka tana shiga ta ƙananan ramuka ta kwanta, ta riƙe danshi, ƙarfe ya ci daga ciki alhali waje yana nan da fentinsa. Motar da ta yi dakon takin zamani da kanwa ta fi kowace shan wannan wahala. Tamu kuma ta kwana cikin ruwa a ambaliyar 2022, babu wanda ya ce a wanke mata ciki.

Kafin a kunna injin walda, a cire kan batir. A sauke tankin mai gaba ɗaya a kai shi nesa, don tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke kamawa. A janye tiyon birki da wayoyin fitilar baya. A ɗora cesis a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, a daidaita shi ya kwanta sak. Bulo da jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne.

Awo shi ne rabin aikin, kuma ana yin sa kafin a yanke komai. A ɗauki tsakiyar bol ɗin da ke riƙe sifirin ta gaba a matsayin mafari, domin shi bai motsa ba tun daga kamfani. Daga nan a auna zuwa tsakiyar fil na sama, a auna tsayinsa daga saman cesis, a auna yadda ya fito daga jikinsa. A rubuta a takarda, a kuma buga alama da fonci a wurin da giranda ba za ta taɓa ba. A lura: a motoci da yawa irin wannan, shokozoba ɗaya tana gaban aksil, ɗaya tana baya, don hana aksil murɗawa lokacin tashi da taka birki. Wanda ya kwafi awon dama ya kai hagu kai-tsaye ya ɓata aiki. In ɗaya gefen yana da lafiya, a zana siffar kunnensa, wato farantin da shokozoba ke maƙalewa a jiki, a kwali a yanke, shi zai zama ma'auni.

Wajen cire tsohon, siririn faifan giranda ake sa wa, a bi layin walda kawai, sannan a ɗaga da kurfi. Kada a kawo wutar kabayid nan. Kaurin bangon cesis bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, zafi kaɗan ke lanƙwasa shi. Bayan an cire, a goge har ƙarfe ya yi fari, a ƙara kamar santimita 5 ta kowane gefe. Sai a bi da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani wurin ma ya lotsa. A gefen hagu na motar Baffa, da aka buɗe, tsatsa ta riƙa zubowa ɓawo-ɓawo kamar ana sussukar gyaɗa, har da busasshiyar laka mai ƙwayar shinkafa a ciki. Duk inda ya yi laushi a yanke shi har a kai ga ƙarfe mai rai, a dasa sabon faranti mai kauri daidai da na asali. Nan ne maganar Baffa ta fi nauyi. Walda ba ta kama tsatsa, tafasa take yi ta bar ƙananan ramuka, ka ga layi a sama alhali ƙasa babu abin da ya haɗu.

A kan dashen sai a ƙara farantin ƙarfafawa na milimita 4. Kada a yanke shi mai kusurwa huɗu. A fiƙe bakinsa biyu, a zagaye kusurwoyin, a huda masa ramuka uku ko huɗu na milimita 12 da za a cike da walda. Dalili shi ne cesis yana lanƙwasa yana miƙewa a kan hanya, kuma layin walda da ya ratsa shi a tsaye yana tara duk wannan motsi wuri ɗaya har ya tsage. Walda ta bi tsawon cesis. Leɓen sama da na ƙasa kuwa kada a ratsa su ko kaɗan.

Shi kansa mazaunin, farantin milimita 5 ko 6 ya isa, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A ganina kunne biyu da bol ya ratsa tsakaninsu ya fi fil mai tsayuwa ta gefe ɗaya, ko da kuwa kamfani da fil ya zo. Bol ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, kaurinsa ya cika ramin bushin ba tare da wasa ba. Kuma ba a yi wa irin wannan bol walda, zafi yana kashe ƙarfinsa. Noti da washa ne aikinsa.

Kafin a ƙone, a ɗan ɗiga walda a kusurwoyi huɗu kawai, a ɗaura shokozoba a gwada. A saki aksil ya sauka iyakarsa, a tabbata ba shokozoba ce ke rataye da shi ba. A danna shi sama har ya taɓa robar tarewa, a ga sauran tafiya ta rage a jikinta kamar santimita 2. In robar ba ta nan, a saya a sa, don ita ce ta jawo duk wannan ɗawainiya tun farko. Kada kuma a kwantar da shokozoba don neman wuri, domin in ta kai digiri 45, kusan rabin amfaninta ya tafi.

Na tuna Kawu yana cewa a wajen zaman gado wai kuɗin gyara zai fi kuɗin motar. Shi da bai taɓa zuba mata ko baƙin mai ba, amma amfanin gonarsa a bayanta ya yi ta zuwa kasuwa.

Sandar walda geji 12 ta dace da jikin cesis, wuta tsakanin amfiya 70 zuwa 90. Kunnuwan masu kauri a ba su geji 10. Sanda 7018 ta fi 6013 ƙarfi, sai dai tana son bushewa da inji mai tsayayyar wuta, kuma injin naɗin hannu a kan ƙaramin janareta ba ya riƙe ta da kyau. In haka ne, 6013 a kan ƙarfe mai tsabta ta fi 7018 da aka yi ta tsinkewa. A maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake kama jikin ƙarfe da ita, a jikin cesis kusa da wurin aiki, ba a kan aksil ba, kada wuta ta bi ta cikin boris. A ja walda santimita 3, a koma ɗaya gefen, a dawo. A bar shi ya huce da iska. Masu watsa ruwa don sauri su ne ke sa wurin ya yi gautsi.

Bayan an kakkaɓe dattin walda an duba babu rami, a shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu, sannan baƙi. A buɗe ramukan zubar ruwa na ƙasan cesis da waya, a fesa mai a ciki. Shokozoba biyu ake canzawa tare, a tsayar da kowace a ja a danna sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura. Noti kuwa kada a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba bushin zai zauna a murɗe ya yage cikin 'yan watanni. Bayan lodin farko a sake bi da sifana, a haska fitila a gefen kowace walda.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai ganyen sifirin, da abin da Inna ta faɗa ranar da aka zo da mai sikeli ƙofar gida.