Ni na ce ta ajiye maganin

Wata bakwai ke nan da matata ta samu lafiya, amma har yau in na buɗe durowar gefen gado na ga kwalin maganin nan sai gabana ya faɗi.

Haihuwarta ta biyu ce. An yi suna lafiya, ta yi wankan jego a gidansu, ta dawo bayan arba'in. Tun makon farko na ga ba ita ba ce. Jaririya na kuka a gefenta, ita kuwa ta zuba wa bango ido. Tuwo ya ƙone a tukunya ba ta ji ƙauri ba. Dare ya raba, yarinya ta yi barci, uwar ido biyu tana hawaye. Muka yi abin da kowa yake yi: tofi, ruƙiyya, hayaƙi, habbatus sauda. Sai ranar rigakafi wata ma'aikaciyar jinya ta lura da ita, ta tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Likitan ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irinsa. Ya rubuta maganin da mai shayarwa za ta iya sha. Ya ce sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, kuma ko ta warware sai ta ƙara aƙalla wata shida tana sha. Da kunnena na ji wannan magana. Har kai na gyaɗa masa.

A mako na bakwai da fara shan maganin ta soma dariya. Ta yi kitso, ta sa lalle, gida ya koma ƙamshin turaren wuta. A lokacin ne yayata ta kawo mana ziyara ta ga katin asibiti a kan firji. Ta ja ni soro ta ce, "Kai yanzu maganin mahaukata matarka take sha? Saura ku kai ta asibitin mahaukata na Dawanau. In dangi suka ji, wa zai auri 'ya'yanka?" Kunya ta rufe ni. A daren na ce wa matata, "Tunda Allah ya ba ki sauƙi, ki ajiye ƙwayoyin nan haka." Ta ce, "Malam, ai likita ya ce..." Na ce na ji abin da ya ce. Ta yi shiru, ta ajiye.

Kwana uku ta fara jiri da tashin zuciya, na ce zazzaɓi ne na sayo mata maganin maleriya. Kafin wata ya cika komai ya dawo, har ya fi na da. Wata asuba na same ta zaune a ƙasan kicin, fitila a kashe, goyo a baya. Ta ɗago ta ce, "Da babu ni, da kun huta." Ban yi sallar asuba a masallaci ba ranar, na kasa matsawa daga inda take.

Da muka koma, likitan bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Malam, da hawan jini ne, za ka ce ta daina sha don ta ji sauƙi?" Aka faro daga farko. Wata huɗu cur kafin ta koma yadda take a mako na bakwai ɗin nan. Mahaifiyarta ta tare a gidanmu, babbar 'yarmu ta koma hannun kakarta ta wajen uba. Duk saboda magana ɗaya da na yi don kada a ce.

Yanzu in aboki ya ce mini matarsa ta sauya bayan haihuwa, ina tambayarsa ko ya wuce mako biyu. In ya wuce, ina cewa ya yi addu'arsa, ya kuma kai ta asibiti. In ta taɓa ambaton mutuwa, a ranar za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Sannan in riƙe hannunsa in ce kada ya kuskura ya taɓa maganar maganin, likitan da ya ɗora ta shi zai sauke ta, a hankali yake ragewa.

Yayata har yau ba ta san abin da ya biyo bayan ziyararta ba. Matata kuma ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ma ta yi, da wataƙila na fi samun sauƙi.