Mutumin da ke cikin tambayar Hanifa

Talata da dare.

Na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar Hanifa ta mamaye teburin cin abinci da takardu. Saura 'yan makonni su fara jarrabawar HSC, wato ta kammala sakandare a jiharmu a nan Ostiraliya, gidan kowa a takure yake, har Sadik an hana shi buga ƙwallo a falo. Ko hijabi ban cire ba ta ce, "Umma, don Allah zo ki gani. Sau uku ina yi, amsata ta ƙi zuwa daidai da ta bayan littafi."

Ni da rabona da lissafi tun makarantar koyon jinya a Zariya. Na dai ja kujera.

Ga tambayar. Wani mutum yana zuba dala 2,000 a asusun fanshonsa a farkon kowace shekara. Asusun na ba da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ana haɗa ruwan da uwar kuɗi, shi ma ya haihu. Nawa zai tarar bayan shekara 30? Hanifa ta samu 158,116. Littafi ya ce 167,603. Dala 9,487 sun yi ɓatan dabo a tsakani.

Ta sake jawo kalkuleta za ta cusa lambobi cikin fomula, na dafe mata hannu. Na juya bayan takardar kuɗin wuta na fara jan layuka. Na ce ta ɗauki kowane zubi kamar ɗa a gida mai 'ya'ya 30. Ɗan fari, ranar da za a buɗe asusun shekararsa nawa? Ta ce 30. Mai bi masa? 29. Auta fa? Ta yi shiru tana cizon biro, can ta ce, "Shekara ɗaya. Ai a farkon shekara aka zuba shi." Ita kuwa a nata lissafin ta sa an haifi auta ranar buɗe asusu, ko kwana bai yi ba, ɗan fari kuma ta rage masa shekara guda. Kowa a gidan ta ci masa shekara ɗaya ke nan. Sai a ninka amsarta da 1.06, shi ke nan. Ta danna, 167,603 ya fito. Ta yi ihu har Sadik ya leƙo.

Wallahi na ji daɗi, ban da girma da na taka rawa. Kalma ɗaya tak, "farko", ita ta haɗiye kuɗin nan duka. Na ce ta riƙa ja wa kalmar layi kafin ta taɓa kalkuleta, kuma ta rubuta zubi uku na farko da na ƙarshe da hannunta, domin fomular tara irin wannan jeri ba ta san farkon shekara ko ƙarshenta ba, abin da aka ba ta take ci.

Abban Hanifa daga kan kujera, idonsa na kan waya, ya ce, "Wato riba ake koya wa 'ya'yanmu da sunan darasi." Hanifa ta ce, "Abba, maki huɗu ne fa." Ban sa baki ba. Wannan muhawarar mun yi ta mun gaji tun lokacin da muka mayar da namu asusun wanda ke bin ƙa'idar Musulunci.

Da a nan aka tsaya, da na kwanta da farin cikina.

Sai yarinyar nan ta ɗago kai ta ce, "Umma, ke nawa ne n ɗinki?" Wato shekarun da suka rage mini ina zubi. Na ce shekarata 47, kuɗin kuma ba a taɓa shi sai mutum ya kai 60. Ta ce 13 ke nan. Kafin in hana ta har ta danna: zubi iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, dala 40,030. Ta kalli lambar, ta kalli ta mutumin, ta ce, "Kai! Shekarunki sun kusa rabin nasa, amma kuɗin ko kwata bai kai ba." Ba da wata manufa ta faɗa ba, abin ne ya burge ta. Ta wuce tambaya ta gaba, ni kuma na tashi ɗumama miya.

Ina juya miyar ina ta lissafi. Mutumin nan dala 60,000 kacal ya fitar daga aljihunsa, sauran sama da dubu 107 zama ne ya kawo su. Zubinsa na farko shi kaɗai ya koma 11,487. Ba wayo ya fi ni ba, ba ƙwazo ba. Sammako ya yi.

A nan Ostiraliya ba a ma tambayar ra'ayinka. Tun 1992, zamanin Firaminista Paul Keating, doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya riƙa zuba masa wani kaso a asusun da kowa ke kira sufa. An fara da kashi 3, ana ta ƙarawa, a watan Yulin 2025 ya kai 12. Yaran da muke aiki tare, 'yan shekara 19, nasu ya riga ya fara haihuwa, ko leƙa shi ba sa yi. Ni sai 2019 aka yi mini zubin fari, ina da furfura a goshi. E, ɗan abin ya taru, alhamdu lillahi. Na buɗe manhajar a waya na duba, na rufe da sauri.

Kuma ba wai ban yi sammako ba. Shekarun da na yi ina aiki a gida ana yankar kashi 7.5 na albashina a ƙarƙashin dokar fansho ta 2004. Kuɗin na nan, a naira, yana ta haihuwa yadda littafi ya ce. Sai dai lokacin da nake zubin dalar Amurka ba ta kai naira 200 ba, a 2025 kuwa ta kai wajen 1,500. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin nan na cikin tambaya. Shekara 30 bai taɓa fashin zubi ba. Ba a taɓa kiransa da tsakar dare an ce Hajiya ba lafiya ba. Ba shi da ƙanen da ya samu gurbi a jami'a babu kuɗin rajista, ba a aurar da 'yar yayarsa ba, damina ba ta yaye rufin gidansu ba. Ko harajin kashi 15 da gwamnati ke cira daga zubin bai shafe shi ba, kasuwa kuma ba ta taɓa faɗi masa ba, kullum 6 cif. Ko suna ba su ba shi ba. Na rasa haushinsa nake ji ko tausayinsa.

Na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, da fayil ɗinsa a leda, yana sammakon zuwa layin tantance 'yan fansho don ya nuna musu yana raye. Shekara 35 yana koyarwa. Lissafi ma yake koyarwa.

Miyar ta kama. Sadik ya ce tana warin hayaƙi, ya kuma cinye.

Wajen ƙarfe goma saƙon Yaya ya shigo, maganin hawan jinin Hajiya ya ƙare, an kuma ƙara masa kuɗi. Na tura. Ban ninka shi da 1.06 ba, ko da yake shaiɗan ya so in gwada.

Gobe aikin safe ne, motar ƙarfe shida. Hanifa ta ce babi na gaba lissafin biyan bashin gida ne wata-wata. Na ce wannan ta kai wa Abbanta.