Mai son koyon Koriyanci a waya, ga ta inda ake farawa

Jama'a, duk mai niyyar koyon Koriyanci da kansa, ya fara da haruffansu na Hangul tun ranar farko. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro su a 1443. Na tushe da ake amfani da su yau 24 ne kacal, baƙaƙe 14 da wasula 10, idan aka haɗa da masu ninki su zama 40. Mako guda ya isa. Kar ka yarda da karanta Koriyanci da haruffan boko, nan ne lafazi ke lalacewa tun daga tushe.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne baƙin da ke rufe gaɓa, wanda suke kira batchim. Sauti 7 kawai ake furtawa a wurin, kuma yakan canza idan ya haɗu da harafin gaba. Shi ya sa ake rubuta 합니다 kamar "hapnida" amma a ce "hamnida". Sai ka saurara kana maimaitawa da babbar murya, ido kaɗai ba zai kama maka shi ba.

Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Ƙirga kuma iri biyu ce: wajen faɗin lokaci, awa da na gargajiya, minti da wanda suka aro daga Sinanci.

Darussa kyauta akwai a shafin King Sejong Institute da How to Study Korean, ƙamus kuma Naver. Ka zuba kalmomi 10 a Anki, manhajar haddar kalmomi, kullum, ka riƙe salon ladabi mai ƙarewa da "yo". Maganar da abokai ke yi wa juna a fim, idan ka yi wa babba ita, rashin kunya ce.