Kunnen da ya ɗauke dare ɗaya

A aikina na sashen kunne, hanci da maƙogwaro, babu abin da ya fi tsaya min a rai kamar kurumcewar da ke zuwa farat ɗaya. Maganar marasa lafiyar kusan iri ɗaya ce: "Likita, na tashi da safe kawai na ji kunnen nan ya ɗauke, kamar an cusa min auduga." Wasu da ƙara a kunnen, wasu da jiri. Da yawa sai sun kwashe makonni suna ɗiga maganin kunne, suna zaton datti ne ko mura, kafin su iso.

A ƙa'idar likitoci, idan ji ya ragu da desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ko fiye a matakan sauti uku da ke jere cikin awa 72, kuma matsalar daga kunnen ciki ko jijiyar ji take, to wannan ciwo ne na gaggawa. A kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano sanadinsa. Wani gwaji mai sauƙi da na riƙe: a sa mutum ya rufe baki ya yi "mmmm". In ya fi jin sautin a kunnen da ya toshe, galibi toshewa ce ta waje. In sautin ya koma kunnen mai lafiya, to a gaggauta gwajin ji.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne prednisolone, ƙwaya mai rage kumburi, miligram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, ba a wuce 60 a rana, na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa ragewa a hankali. An fi sa ran amfaninsa cikin makonni biyu na farko, shi ya sa jinkirin nan yake ci min rai. Amma dole a faɗa wa mara lafiya gaskiya: ba kowa ne jinsa ke dawowa ba, wasu kuma suna warkewa ko ba magani. Ina ganin haƙƙinsa ne ya san haka kafin ya fara shan ƙwayar da za ta iya ɗaga masa sukari da hawan jini, ta hana shi barci.

Mai ciwon sukari kuwa akwai wata hanya: a yi allurar irin wannan maganin ta dodon kunne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 kan mutum 250 ya nuna wannan hanyar ba ta gaza ta shan ƙwaya ba. Ana kuma komawa gare ta idan ƙwayar ba ta yi aiki ba, har zuwa mako shida.

Ko da ji ya dawo, muna tura mutum hoton MRI, wanda ke nuna cikin kai, domin wani lokaci ƙari ne ke fitowa a kan jijiyar ji, kuma dawowar jin ba ta tabbatar da cewa babu shi ba.