Daren faɗa-wuta a Babban Tapki

Da la'asar sakaliya ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni daga Birnin Damagaram, muka ratsa tsakanin manyan duwatsun nan, muka yi kudu zuwa Babban Tapki. Guzurina farin zane ɗaya, fitila mai caji, da littafin rubutu.

Abin da ya kai ni tsohon labari ne. A 1920 wani Bature ɗan Sikotilan, Angus Buchanan, ya taso daga Kano, ya yada zango a Damagaram, ya bi ta Damargu da Agadas har ya hau Dutsen Bagzan a ƙasar Azbin, yana tara tsuntsaye da ƙwari. A 1921 wani masanin ƙwari na Ingila, Lord Rothschild, ya bayyana faɗa-wutar da ya kwaso, ya raɗa wa da yawa suna, don masana ba su taɓa rubuta su ba. Yau ƙwarin suna can Ingila a cikin akwatuna. Mu kuwa duk wanda ya zo wa fitila sunansa ɗaya a bakinmu, kuma wannan ya daɗe yana damuna.

Bayan isha'i na ɗaure zanen a reshen gawo, na kunna fitila a bayansa. Ba a jima ba suka fara sauka. Wani launin ƙasa, da ɗigo biyu kamar idanu. Wani ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba, fari fat, da na kai yatsa sai ya bar mini gari kamar na alli. Na zana har hannuna ya gaji.

Wani dattijo Buzu da ya sauka a gidan da na kwana ya matso da butar shayinsa.

"Ɗana, me kake nema a jikin ƙwaro?"

Na ce, "Baba, na Bagzan nake so in gani wata rana."

Ya ce can mahaifarsa ce. Ya ba ni labarin sanyin da ke daskarar da ruwa, da lambunan tafarnuwa, da zaitun na daji a tsagin dutse. Tsayin dutsen ya haura mita 2,000, hamada ta kewaye shi ta ko'ina. Ƙwaron da ya saba da ganye da sanyin wurin, ina zai sauko ya rayu a zafin Damargu?

Ya daɗe yana duban farin zanen, sannan ya ce in na tashi hawa in bari sai bayan damina, kuma in taho da bargo biyu.