Wasiƙa daga Westport, can yammacin Ayilan

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida.

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da rayuwa. Bayan gaisuwa, dalilin wannan wasiƙa shi ne tambayar da ake yawan yi mini: wanda Allah Ya kawo shi Ayilan, ko karatu, ko taro, ko ziyarar ɗa, ina zai nufa ya ga ƙasa, kuma ina zai sauka? Amsata kullum ɗaya ce. Kada ya ƙarar da kwanakinsa a Dublin. Ya je tashar Heuston ya yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Westport, a gundumar Mayo, bakin Tekun Atlantika. Tafiyar awa uku ce da 'yan kai.

Westport ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu goma ba, da ƙafa za ka zagaye shi kafin azahar. Tsara shi aka yi tun a ƙarni na 18, ba tsirowa ya yi haka kawai ba. Kogin Carrowbeg ya ratsa tsakiyarsa, an yi masa bango da dutse hagu da dama, ga ƙananan gadoji, ga bishiyoyi a jere. Sau uku garin yana cin gasar tsafta ta ƙasa baki ɗaya, a 2001 da 2006 da 2008, kuma in ka fito da sassafe za ka ga dalili: dattawa ne 'yan sa-kai ke tsintar shara suna ba furanni ruwa. A gefen gari akwai babban gidan nan Westport House, wanda aka ɗora a kan tushen ganuwar zuriyar O'Malley. Daga cikinsu ne Grace O'Malley ta fito, macen da ta riƙe jiragen ruwa da mayaƙa a wannan gaɓa, har ta je Landan ta gana da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a 1593. Gidan ya cancanci rabin wuni, ba fiye ba.

Duk inda ka tsaya a yankin, in ka ɗaga kai za ka hango dutsen Croagh Patrick, kamar an kife malfa a bakin teku. Tsayinsa mita 764. Kiristocin ƙasar sun ɗauke shi wuri mai tsarki, don a ruwayarsu nan ne Waliyyi Patrick ya yi azumin kwana 40 a shekara ta 441. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Yuli dubban mutane ke hawansa, wasu ma ba takalmi. A sauran ranaku kowa na hawa, kowane addini. Ka nemi sanda a gindin dutsen, ka sa takalmi mai riƙe ƙafa, ka ware awa huɗu, kuma in ka ga hazo ya rufe kan dutsen ka haƙura sai wata rana. Daga sama za ka ga mashigin Clew cike da ƙananan tsibirai. 'Yan gari na cewa 365 ne, kowace rana da nata. Wurin ibadar mutane ne, sai a shige shi da ladabi.

To amma abin da ya sa nake matsa wa mutanenmu su zo nan ba kyan tsaunuka ba ne kaɗai. A gindin dutsen, a ƙauyen Murrisk, akwai wani jirgin ruwa na tagulla da John Behan ya ƙera, aka buɗe shi a 1997. Daga nesa ka ce igiyoyi ne suka kewaye shi. Sai ka matso za ka ga ƙwarangwal ne na mutane, a miƙe, wannan ya kama ƙafar wancan. Tunawa ce da babbar yunwar da ta faro a 1845, lokacin da cuta ta kama dankalin turawa, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar safe da dare. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka tsere zuwa Amurka da Kanada da Ingila, da yawa kuma a cikin jirgin ruwa suka rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a daidai wannan lokaci ana ta lodin hatsi da dabbobi ana fitarwa daga ƙasar, masu gonaki kuma na korar talakan da ya kasa biyan haya, a rushe masa ɗaki. Taimako ya zo daga nesa. Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid, ya aiko da fam 1,000 a 1847.

A ƙidayar 1841, gundumar Mayo na da mutum kusan dubu 389. A ƙidayar 2022 ba su kai dubu 140 ba. Har yau ƙasar ba ta mayar da abin da ta rasa ba. Saboda haka in an ɗauke ka a mota aka bi da kai kwarin Doolough, kudu da Louisburgh, kowa na ɗaukar hoto yana yaba shirun wurin, kai ka dubi gefen tsaunukan da kyau. Za ka ga layi-layi a ƙarƙashin ciyawa, sun gangaro daga sama. Kunyoyin dankali ne. Wanda ya taɓa riƙe garma zai gane su nan take. Masu su sun tafi fiye da shekara 170, tumaki ne ke kiwo a kai yanzu. A wannan kwari ne, a watan Maris na 1849, ɗaruruwan mayunwata suka taka da ƙafa cikin sanyi zuwa wani gida mai suna Delphi Lodge don jami'an agaji su duba su, aka rasa rayuka a hanyar dawowa. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin farin shekarun 1970, mu da muka san abin da ke raba magidanci da garinsu ya tafi ci-rani, ba ma buƙatar tafinta a nan. Kuma in ka nuna wa ɗan ƙasar ka fahimci wannan, hirarku ta canza ke nan.

Mai ƙarfin ƙafa ya yi hayar keke ya bi tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke, kilomita 42 daga Westport zuwa tsibirin Achill, kusan duk hanyar babu mota. A Achill akwai bakin ruwan Keem, da kufan Slievemore mai gidajen dutse barkatai babu rufi. In ruwan sama ya hana fita, kuma zai hana, gidan tarihin rayuwar karkara da ke Turlough kusa da Castlebar kyauta ake shiga.

Sai maganar masauki. Otal-otal suna nan, manya da ƙanana, akwai ɗakunan kwanan haɗaka masu sauƙin kuɗi na matasa, akwai kuma gidajen haya na mako guda, waɗanda suka fi dacewa da mai iyali tunda kai za ka yi girkinka. Ni dai shawarata, wanda ya zo shi kaɗai ko da maiɗakinsa ya sauka a abin da suke kira B&B, wato gidan mutane ne, su ba ka ɗaki su ba ka karin kumallo. Nan za ka san 'yan ƙasar. Uwar gida za ta tare ka da shayi, ta tambaye ka daga ina, ta gaya maka hanyar da ta fi kyau da wadda ruwa ya ci. A wasu gidajen karkara za ka ji wani ƙauri mai daɗi daga murhu: baƙar ƙasar fadama ce suke yankowa, su shanya, su ƙona a madadin itace. Abu ɗaya kawai, ka yi magana tun da dare. Karin kumallonsu na gargajiya akwai naman alade, akwai kuma wani baƙin abu kewayayye da ake yi da jini. Ka ce ba ka ci, babu mai jin haushi. Za a kawo maka ƙwai, da kifi banda, da burodinsu mai ruwan ƙasa, da man shanu wanda samun irinsa sai an tona. Daga Yuni zuwa Agusta ɗakuna na cika kuma kuɗi na tashi, sai a kama wuri tun da wuri. Mayu da Satumba sun fi sauƙi.

Ga 'yan'uwa Musulmi, ku riƙe sunan Ballyhaunis. Jirgin da ya ɗauko ka daga Dublin yana tsayawa a can kafin Westport. Ɗan ƙaramin gari ne, amma a cikinsa masallaci na farko da aka gina musamman don salla a Ayilan yake, tun 1987, sanadiyyar mayankar halal da ta jawo ma'aikata Musulmi. Mai son Juma'a da nama mai tsarki ya tsara tafiyarsa da shi. 'Yan'uwa Kirista kuwa, Knock, wurin ziyarar ibada na mabiya Katolika, na nan kusa, inda Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarta a 1979. Lokutan salla ma sai an lura: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa da ƙarfe 4 da 'yan mintoci an yi magariba.

Na kusa mantawa da abin da ya sha hana mutane shigowa. Bizar Birtaniya ba ta shigar da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar cikin Jamhuriyar Ayilan, haka ma bizar Schengen ta ƙasashen Turai. Tasu daban ce, kuma suna da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗinsu Yuro ne, tuƙi ta hannun hagu. Lema ba ta da amfani a nan, iskar teku karya ta take yi, rigar ruwa mai hula za ku saya.

A gaida gida, a gaida manya da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naku,
ɗan'uwanku a Mayo