Ɓera ba ya tsufa da wuri don kana gaggawa

Ƙannena masu sha'awar binciken tsufa da kitse, kafin ku zaɓi batun digirin digirgir, ku fara lissafa shekarun dabbar da za ku yi aiki da ita. Ɓeran C57BL/6, nau'in da aka fi kiwo a ɗakunan gwaji, sai ya kai wata 18 zuwa 24 ake kiran sa tsoho. Ni ban yi wannan lissafi ba. Na tsara gwajin da ke buƙatar tsofaffin ɓeraye alhali kuɗin tallafina ya ci rabi, sai na koma zaman jiran su yi furfura. Abokan karatuna masu aiki da tsutsar C. elegans, wadda ba ta wuce mako uku a duniya, suna ta fitar da maƙaloli. Kada ku raina tsutsar nan: da ita Cynthia Kenyon ta nuna a 1993 cewa sauya ƙwayar gado guda, daf-2, na ninka tsawon rai. In dai ɓera za ku bi, ku ware garkenku tun ranar farko, ku haɗa da wani ɗan gajeren aiki da zai riƙe ku kafin su manyanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar kitse a matsayin abu ɗaya. Tun 1994, da Jeffrey Friedman ya gano leptin, wani sinadari da kitse ke fitarwa, a Jami'ar Rockefeller, aka san kitse ba ma'ajiyar mai ba ce kawai, yana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Duk da haka na riƙa cuɗa kitsen ciki da na ƙarƙashin fata a kwalba ɗaya don samfurin ya yi auki. Su kuwa ba tsufa iri ɗaya suke yi ba: na ciki kan ƙaru ya tara kumburi, na ƙarƙashin fata kan ragu. Da na gauraya su, bambancin ya ɓace, na ce babu sakamako.

Idan kuka buɗe tsakanin kafaɗun ɓera, za ku ga wani ɗan kitse mai ruwan ƙasa, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, kwance ƙarƙashin farin kitse. Shi ke ƙona mai ya ɗumama jiki, kuma a 2009 aka tabbatar mutane baligai ma suna da shi. Ɗakunan ɓeraye galibi kan tsaya a maki 20 zuwa 22 na ma'aunin zafi na Celsius, ɓera kuwa sai wajen 30 yake daina jin sanyi, wato kitsen nan na aiki dare da rana. Ban taɓa rubuta zafin ɗakin ba, kuma shi ne abu na farko da mai tantance maƙalata ya tambaya.

Tambayarsa ta biyu: ina matan? Maza zalla na yi amfani da su, wai don sun fi sauƙin sha'ani. Sai da na sake kiwon sabon garke daga farko.